Ruwan Kamarawa

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun iske wata magana a gidanmu. Duk wanda ya sharara ƙarya, ko yaro ya ce ya yi sallah alhali ko alwala bai yi ba, sai a ce masa, "Wannan ruwan Kamarawa ne." Kuna faɗa kuna dariya kuna kallona ta wutsiyar ido, don kawunku Garba ya gaya muku ni ce tushen maganar. Ni ce, ban musa ba. Amma Garba daga tsakiya yake ɗauko labarin, ya yanke kai ya yanke ƙafa. Yau za ni ba ku shi tun daga farko, ku yi hukunci da kanku, don ni har yanzu ban gama gane ko ƙarya na yi ba.

A shekarar ina da sha huɗu ko sha biyar, kuma duk Unguwar Lalle an san ni, Hajo, da baki. In na ga maciji kamar ɗan yatsa a hanyar rijiya, kafin in kai gida ya haɗiye akuya, kafin magariba ya haɗa da mai akuyar. Ba don cuta nake yi ba. Na lura ne tun ina ƙarama cewa labari in ka kawo shi yadda yake, ba mai ɗago kai daga daka. In ka sa masa ɗan gishiri, har tsofaffi sai su ajiye taɓarya. A lokacin kuwa mutane suna neman abin dariya ido rufe, don damina biyu a jere sun wuce mu ba abin kirki. Rumbunanmu biyu sun koma ɗakin kwanan kaji, daga baya kajin ma muka cinye su. Anza muke ci, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su shiga baki. Na taɓa ce wa 'yan mata a bakin rijiya ɗacin anzarmu ya kashe kunama biyu da suka faɗa cikin randar. Sun yi dariya har guga ya kuɓuce wa ɗaya.

Abu guda ya rage a gidan da ake kira hatsi: irin shuka. Baba ya zaɓi zangarniyoyi mafi kyau daga ɗan abin da aka samu, ya sussuke da hannunsa, ya gauraya da toka don ƙwari, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya tura ƙarƙashin gadonsa. A kan tulun nan yake kwana, a kansa kuma suke faɗa da Inna.

"Malam, ɗiyan ga sun ƙare. A hwasa tulun ga a ɗebi ko mudu guda."

"In munka ci shi yau, Ta-Kurawa, mi za mu sa ƙasa ranar da ruwa ya zo? Tsakuwa?"

Ta-Kurawa yake kiranta saboda can ne garinsu. Bayan faɗan ci, akwai na binne. Ku da kuka tashi a birni ba ku san binne ba. Shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, in an ga alamar yana kusa, don ruwan farko ya iske shi a ciki, hatsi ya riga ciyawa tashi. In ruwan ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In yayyafi ne ya zo, irin ya tsiro rana ta ƙone shi, kuma ba a tono shi a mayar tulu. Bara waccan Baba ya yi binne ya yi asara, saboda haka ya rantse bana sai ya tabbatar damina ta kankama a kusa kafin ya taɓa lakar tulun nan.

Da bazara ta yi nisa aka kai ni Isa wurin Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, wai in taya ta aiki. Gaskiyar magana baki ɗaya ake son ragewa a gida, kuma nawa ya fi na kowa aiki, a ci da a magana. Mijin Gwaggo tela ne, suna samun ɗan abin sawa a tukunya. Ina can kusan wata guda, wata rana da la'asar sai ga mota tana zaga gari da ƙaho a kanta, ƙahon yana magana da Kananci, wai kowa ya fito filin kasuwa bayan isha'i, za a yi majigi kyauta. Na tambayi Gwaggo mene ne majigi. Ta ce ita ma sau ɗaya ta taɓa gani, kuma ba ya faɗuwa da baki. Ta ɗora mini tiren gyaɗa don in sami dalilin fita, ta yafa mayafi ta biyo ni. A bakin ƙofa ta kama kunnena.

"Ke, rediyon Unguwar Lalle. Yaya, babanki, ya ce kallon ga sihiri na, kuma ba wurin ɗiya mace na ba. In yaj ji na kai ki, ni da gidanshi har abada. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Gwaggo. Ko wuƙa anka sa min ba ni hwaɗi."

A filin an kafa sanduna biyu, an ɗaura farin zane kamar za a shanya shi. Inji yana ta ƙara a bayan mota. Sai wani haske ya fito daga akwati, doguwar sandar haske cike da ƙwari, ya bugi zanen. Sai ga mace. Mace sosai, da ɗankwali da komai, tsawonta ya kai ni uku, ba baƙa ba fara, launin toka. Tana riƙe da ƙwarya. Ta sa hannu ta ɗebo hatsi, ta watsa wa kaji. Ta sake ɗebowa ta watsa. Filin nan gaba ɗaya ya ɗauki salati. Wata tsohuwa kusa da mu ta miƙe tsaye tana nuna ta da sanda.

"Ke baiwar Allah, ki ji tsoron Allah! Mutane na cin anza kina ba kaji hatsi?"

Matar ko waiwayowa ba ta yi ba. Wani dattijo ya cire hularsa ya lallaɓa ya zagaya bayan zanen, don ya tsince abin da kajin suka bari. Na ajiye tire na bi shi. A baya babu hatsi, babu kaji, sai akuyar wani tana cin igiyar sanda. Amma da na ɗaga kai, ga matar nan dai a jikin zanen ta wannan gefen, kuma yanzu da hannun hagu take watsa hatsin. Na koma gaba da gudu, dama. Na dawo baya, hagu. Na yi haka har sau biyar, sai da jiri ya kama ni. Kafin in tuna da tirena, yaran Isa sun yi wa gyaɗar Gwaggo abin da kajin suka yi wa hatsi.

Mutanen zanen ba sa magana. Wani Bakano mai tsagar wushirya ne yake tsaye gefen mota da lasifika yana yi musu magana, ya yi muryar mace, ya yi muryar zakara, mutane suna ta faɗuwa da dariya. A hanyar gida na dami Gwaggo da tambaya. Ina matar take? Cikin akwatin take? Wa ke ba ta abinci? Gwaggo ta ce in rabu da ita. Mijinta ne, da muka isa, ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce abin ba wuya.

"Kin san rediyo? To wannan rediyon ido na. Abin da anka yi wani wuri, shi a ka kawo miki nan ki gani."

Wannan bayani ya zauna mini daram. Rediyo na sani. Akwai guda a shagon mai shayi na garinmu, kuma abin da ya faru yau ko jiya yake faɗa, ba ya ɗauko zancen kakanni.

Washegari Gwaggo ta ce ita ta ƙoshi, na tafi ni kaɗai da ƙullin gyaɗa a haɓar zane. Aka nuna yadda ake wanke hannu, aka nuna wani mutum yana haƙa masai yana murmushi, abin da ban taɓa ganin mai haƙa masai ya yi ba. Sai zanen ya yi duhu. Na ɗauka injin ne ya mutu. Ashe hadari ne. Hadari baƙi ƙirin, itatuwa suna kwanciya suna tashi, sai ruwa ya ɓalle. Ruwa yana dukan jinka, yana gudu a tsakar gida, yara tsirara suna tsalle a ciki. Filin kasuwar Isa ya yi tsit, ba ka jin komai sai injin. Na ji wani a bayana yana jan numfashi ta hanci, yana neman ƙamshin ƙasa. Ni ma na nema. Wallahi a lokacin na ji kamar na ji shi. Sai aka nuna safiya, mutane sun fita gona, sai Bakanon ya buɗe murya.

"To jama'a, ga mutanen Kamarawa nan! Ruwa ya sauka, sun fita shuka, sun bar ku kuna hamma!"

Kamarawa ƙauye ne nan kusa da Isa, kowa a filin yana da wani a can. Wuri ya kaure. Wani ya rantse mai malfar nan ta gefe surukinsa ne, ya gane shi ta tafiya. Wani mai rawani ya ce shi daga Kamarawa ya fito da safe, ko ɗigo bai gani ba. Na kusa da shi ya ce, "Ai bayan ka hito anka yi shi." Mai rawanin ya kama gemu, daga baya na ga ya tashi yana neman takalmansa. Wasu suna dariya, ban san ko dariyar murna ba ce ko ta wasa. Ni dai tulun Baba nake gani. Da aka tashi na kutsa har gindin mota inda Bakanon yake naɗe waya.

"Malam, don Allah ruwan ga na gaske na?"

"Ruwa na gaske mana, 'yammata. Na'ura ba ta ƙarya. Abin da ta gani shi take nunawa."

Ban tambaye shi yaushe ba. Bai zo mini a rai cewa ruwa yana da yaushe ba. Da asuba na ce wa Gwaggo gida za ni, an yi ruwa a Kamarawa, dole Baba ya ji. Ta ce "Allah ya sa" da irin muryar da ake amsa wa Hajo, ta ƙulla mini 'yar dawa a tsumma, ta haɗa ni da motar 'yan kasuwa mai zuwa Sabon Birni. Daga can na taka da ƙafa.

Na iske su a tsakar gida, Inna tana sauya ruwan anza, Garba yana gyaran igiyar jaki. Ko gaisuwa ban gama ba na ce an yi ruwa a Kamarawa. Garba bai ɗago ba.

"Da kada nawa a ciki?"

"Yaya, wallahi tallahi. Da idona na gani."

Ban saba rantsuwa ba, wannan kowa ya sani. Nakan yi ƙari, amma ba na sa sunan Allah a kai. Baba ya fito daga ɗaki da carbi a hannu, ya zauna a kan turmi, ya ce in matso. Bai taɓa zama don ya saurari labarina ba sai ranar.

"Ke da idonki?"

"Da idona, Baba."

"Yayyahi ko ruwa?"

"Ruwa. Yana gudu tsakar gida. Itace na kwanciya."

"Sun hita shuka?"

"Sun hita, maza da mata."

Duk wannan na gani, ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Amma da na ga idon Baba a kaina, Inna ta tsaya da ƙwarya a hannu, Garba ya saki igiya, sai bakin ya yi abin da ya saba. Na ce kwaɗi suna ta kuka har ba a jin kiran sallah. Kwaɗin nan su kaɗai ne nawa a cikin labarin, na amsa laifinsu gaban Allah. Abin da ban faɗa ba shi ne zanen. Kalmar majigi ta zo har bakina, na tuna kunnena a hannun Gwaggo, na haɗiye ta. Na ce wa kaina ai ba bambanci, wanda ya ji a rediyo ma cewa yake ya ji.

Da magariba Baba ya fita bayan gari ya tsaya yana kallon gabas. Kwana uku ke nan, in ji Garba, hadari yana haɗuwa can ƙasa-ƙasa yana watsewa. Ranar har da walƙiya. Ya dawo ya ce in ruwa ya sauka ƙasar Isa da kwaɗinsa, to bai fi kwana biyu ko uku ya iso mu ba, gobe binne. Inna ta ce a aiki Garba Kamarawa ya gano. Baba ya ce zuwa da dawowa kwana biyu ne a kan jakin da ƙashi kawai ya rage masa, kafin nan ruwan ya wuce. Inna ta dube ni, ta dube shi.

"Malam, bisa maganar Hajo za ka hwasa tulu?"

"Ta rantse."

Ya jawo tulun ya bugi lakar da ƙotar gatari. Inna ce ta kwashe irin ta kai ɗakinta ta sheƙe tokar. Kwana biyu muka yi a gona. Baba da Garba suna gaba da sungumi, doguwar fartanyar shuka, suna sara taki ɗaya rami ɗaya, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasar tana ƙona tafin ƙafa. Maƙwabta suna tsayawa a bakin gona suna tambaya, Baba yana ce musu an yi ruwa Kamarawa, ɗiyata ta gani. Ni kuwa ina tafe ina fankama kamar ni na yi hadarin. Allah ya taimake ni su ba su bi mu ba, don da suka ji sunan wadda ta gani sai suka ce za su ɗan dakata.

Rana ta uku, ba ruwa. Ta huɗu, gabas ta washe tas. Ta biyar wani mai tallan tabarmi ya tsaya ƙofar gidanmu neman ruwan sha. Baba ya tambaye shi daga ina. Ya ce Kamarawa. Baba ya yi masa barka da ruwa, ya tambayi yadda shuka ta fito. Mutumin ya sauke moɗar daga bakinsa.

"Wane ruwa? Mu da rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu?"

Ina bayan zana ina ji. Abin da ya fara zuwa mini shi ne mutumin nan maƙaryaci ne, ko kuma ya daɗe bai je gida ba. Har na buɗe baki in faɗa. Baba ya sallame shi, ya shigo, ya kira ni. Bai ɗauki bulala ba. Da ya ɗauka da na fi jin sauƙi. Na durƙusa na faɗi komai, da motar, da akwatin, da matar kaji, da rediyon ido. Ina bayani ina jin yadda maganar take fita kamar ta mahaukaciya.

"Tsaya. Bisa zane kinka ga ruwan?"

"Bisa zane, Baba."

"Zanen ya jiƙe?"

Ban taɓa shi ba, amma na tuna lokacin da suke naɗe shi ƙura ce take tashi daga jikinsa. Garba ya fashe da wata dariya marar daɗi ya fita. Baba ya yi ta juya maganar. In ruwan ƙarya ne, yaya itace ya kwanta? In na gaske ne, ina ya tafi? Ya tambaye ni ko mutanen sun gan ni. Ya tambaye ni ko na gaishe su.

Bayan kwana biyu aka ce motar ta iso Sabon Birni. Baba, wanda ya ce kallon sihiri ne, ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce in wuce gaba. Muka taka har can. Ya zauna can gefe a kan buzunsa, ya miƙe baya kamar mai jiran alƙali. Matar kaji ta fito, ya ce "A'uzubillahi." Mai haƙa masai ya fito da murmushinsa. Sai duhu, sai hadari, sai ruwan nan dai, da yaran nan dai, da tsallen nan dai, har da ƙaramin da ya zame ya faɗi a daidai inda ya faɗi a Isa. Na saci kallon Baba. Bakinsa a buɗe, hasken yana wasa a fuskarsa, carbin ya tsaya a hannunsa. Sai Bakanon ya ɗaga lasifika.

"To jama'a, ga mutanen Kurawa nan! Ruwa ya sauka, sun fita shuka, sun bar ku kuna hamma!"

Mai malfar nan, surukin mutumin Isa, yanzu ya koma ɗan garin su Inna. Baba bai dube ni ba. Ya ƙura wa hannayen manoman ido, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Masara ta. Dibi ƙwayar. Kuma duƙe su ka shuka, ba sungumi ko guda. Waɗanga ba mutanenmu na ba, Hajo. Ba ki dibi hannunsu ba?"

Ban duba ba. Ruwan nake kallo. Da aka tashi ya je wurin Bakanon, ya yi sallama kamar ya shiga zauren malami, ya tambaye shi wace rana aka yi ruwan nan, kuma a wane gari.

"Wallahi Baba ban sani ba. A gwangwani ake aiko mana shi. Tun ina sabon shiga aikin nan nake nuna shi, har ya fara tsinkewa."

"To mi ya sa kac ce Kamarawa?"

"A, wannan ai don mutane su ji daɗi ne. Duk garin da muka je sai in kira na kusa da su. In ba ka ɗan ƙara ba, barci suke yi."

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya juyo ya dube ni.

"Ashe ku biyu na," ya ce.

Daga nan aikina ya zama gadin gona. Zabin daji da kurciyoyi sun gano abin da muka binne, ɓeraye suna bin layi rami-rami kamar su suka yi sarar. Ina yini da gwangwani da sanda ina kora, ina kallon sama har wuyana ya ƙage. Ba wanda nake ba labari. A bakin rijiya 'yan mata suna tambayata ko kwaɗin sun iso. Kwana goma sha ɗaya da shuka aka yi yayyafi, wanda bai kai a tara a kwano ba. Bayan kwana uku gonar ta yi kore siriri, layi-layi, abin sha'awa. Na tsuguna ina roƙon tsiron ya koma ciki. Rana ta yi mako tana dukansa. Ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta kwashe. A makon Baba ya sayar da jaki, Garba ya hau motar kudu da kuɗin, neman aikin da zai aiko mana da abinci. Bai yi mini sallama ba. Sai bayan shekara bakwai na sake ganinsa, da gemu.

Ruwa na gaske ya zo bayan tafiyarsa da kwana ashirin. Tun kafin asuba ya fara, bai tsaya ba sai da hantsi. Ba kamar na zane ba ne, wannan yana da ƙara, yana da sanyi, ya rusa mana katangar baya. Gari ya fashe da guɗa. Ta ƙofar gida ina ganin mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwaryar iri a ka, waɗanda suka ɗan dakata. Baba yana zaune a zaure, sunguminsa a kan cinya, yana amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi me yake jira. Na rakuɓe a bayan ƙyaure, na rasa inda za ni sa kaina. Sai Inna ta fito daga ɗaki da wata gora da aka toshe bakinta da tsumma, ta ajiye a gabansa. Ya cire tsumman, ya zuba a tafin hannu. Hatsi ne, da sauran toka a jikinsa.

"Ta-Kurawa, irina kinka sata?"

"Na sata, ranar da ni sheƙe toka. Ni na haifi Hajo, Malam. Tashi ƙasa na shan ruwa."

Ya auna nauyin gorar a hannu, ya daɗe yana aunawa. Muka fita mu uku. A gona bai fara daga bakin hanya ba yadda ya saba. Ya zaga, yana taka ƙasa yana tsugunawa, har ya zaɓi kwarin da ke gindin gawo inda laima take daɗewa. Ya ce ƙwaya biyar-biyar, a ƙirga. Yana sara, muna bi, ƙasar tana manne wa diddige, sanyinta yana hawa har gwiwa. Ban taɓa taka ƙasa mai daɗin ta ranar ba. Kafin azahar na kife gorar a tafin hannuna, na bubbuga gindinta, ƙwaya uku suka faɗo. Baba ya riga ya yi gaba da sara, ramuka kusan ashirin suna buɗe suna jira. Na kira shi. Ya waiwayo ya ga gorar a kife. Ya dawo a hankali, ya tsaya a kan ramin da na jefa ukun nan, ya rufe shi da ƙafarsa. Gabanmu kashi uku cikin huɗu na gonar yana shimfiɗe, baƙi wuluk da laima, har can iyakar maƙwabta inda ake ta shuka ana waƙa. Ya kafa sungumin a ƙasa.

"Nan gonarmu ta tsaya bana," ya ce. "Ɗauko gorar mu tahi."